Ranar da Ba Allal Ya Ɗauki Ruwan Gaske

Asirin maƙwabcinmu Ba Allal, wato Baba Allal, ya tonu ne a tsakiyar dandalin Jama'al Fana, wurin da ko atishawa ka yi sai rabin Marrakesh sun juyo sun dube ka.

Yana tsaye a wurinsa na kullum, gaban gidan shayi mai bene, cikin jajayen kayansa na masu ruwa. Malafa mai geza kala-kala a ka, kofunan tagulla jere a ƙirji, ƙararrawa a hannu, ga baƙar salkarsa ta fatar akuya rataye a kafaɗa, ta kumbura tim kamar ta kusa haihuwa. Sai ga ayarin Nasara 'yan yawon buɗe ido, ɗan jagoransu a gaba yana ɗaga laima kada su ɓata. A cikinsu akwai wata mata, Allah ya yi mata jiki bai yi rowa ba. Ta miƙa wa mijinta waya, ta taho da murna, ta rungumo Ba Allal ta gefe don a ɗauke su hoto. Ta matse shi. Ta haɗa har da salka ta matse.

Toshiyar bakin salkar ta yi fit ta tashi sama. Abin da ya biyo baya kuwa, duk wanda ya taɓa cin wake ya kwana ya san sautinsa. Doguwa ce, ta fara da kauri ta ƙare da siriri, har da ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Masu ganga suka tsaya. Mai wasa da maciji ya cire algaita daga baki. Salkar ta yi laƙwas a gefen Ba Allal kamar tsohuwar safa, kuma ko ɗigon ruwa bai fito daga cikinta ba.

Matar ta yi tsalle gefe tana toshe hanci, don ita a zatonta daga jikin dattijon abin ya fito. Mijin kuwa bai sauke waya ba.

Mahjub mai lemon matse ya leƙo daga saman keken da yake sayar da lemo ya ɗaga murya: "Ba Allal! Me ka ba akuyar nan ta ci da safe?"

Dandali ya ɗauka. Masu lalle suna dariya har nikabinsu na rawa. Kafin magariba, yaran unguwarmu sun gan shi a waya, suna bin sa a lungu suna hura kumatu.

To, kada a yi wa mutumin mummunar fahimta. Ba Allal ba ɗan damfara ba ne tun asali. Daga wani ƙauye na kan dutse ubansa ya sauko da shi, kuma uban mai ruwa ne na gaske, irin waɗanda in suka kaɗa ƙararrawa mai ƙishirwa ke jiyowa daga nesa ya ce alhamdu lillahi. A hannun uban ya koyi jeme fata, da shafa wa bakin kofi man itacen nan mai ɗaci da ke ba ruwa ƙamshi, da kuma dokar sana'ar: ba a hana mai ƙishi, ko yana da dirhami ko ba shi da shi, kuma ba a zubar da ruwan salka a ƙasa. Da uban ya rasu, ya bar masa kayan da tambarin tagulla na izini, wanda ake ɗinke shi a jikin maratayin salka. Da wannan salka ya auro Lalla Hadda, da ita ya aurar da 'yarsu zuwa Kazablanka, da ita ya sa wa ɗakinsu ƙofar ƙarfe wadda har yau in ya rufe ta sai kwanukanmu sun motsa.

Yana da tinƙaho, wannan kam ba a musu. Gashin bakinsa ya fi 'ya'yan wasu samun kulawa. Kofunansa kullum sai ya goge su da lemon tsami da toka, yana duba fuskarsa a ciki.

Sai zamani ya juya. Kowa ya koma yawo da gorar roba a hannu. Mutane suka daina zuwa wurin Ba Allal don su sha, suka koma zuwa don su tsaya kusa da shi su yi murmushi. A lokacin ne kuma bayansa ya fara ciwo, irin ciwon da ke sauka ta cinya har yatsan ƙafa. Wata safiya ya dubi salkar, ya dubi famfon unguwa, ya ce wa zai sani? Daga ranar, kullum bayan asuba sai mu ji "fuu, fuu, fuu" ta bayan bango. Mun daɗe muna zaton Lalla Hadda ce ke fama da gawayi.

Washegarin abin kunyar, Si Kabbur ya aiko a kira Ba Allal. Si Kabbur shi ne amin, wato shugaban masu ruwan dandali, dattijo ne busasshe mai magana a hankali, wanda in ya yi shiru ya fi ban tsoro. Ya tara masu ruwan a bayan kasuwar zaitun. A gefensa ga surukinsa Bushaib, mijin 'yarsa, ƙato mai sayar da tabarau a faranti. Kowa ya san abin da ya kawo Bushaib. Ba a buga sabon tambari. Sai wani ya mutu ko an ƙwace nasa ake samu. Kuma babu wuri mai albarka a dandalin kamar gaban gidan shayin nan, inda Nasara ke saukowa daga bene da waya a hannu.

"Allal," in ji Si Kabbur, "ni na wanke gawar mahaifinka. Da a ce yana raye, da wane ido zai dube ni?"

"Si Kabbur, baya ne. Wallahi baya ne."

"Da mai ƙishi ya zo maka fa? Iska za ka tsiyaya masa?"

"Rabon da wani ya ce in ba shi ruwa..."

"Ban tambaye ka wannan ba."

Bushaib ya gyara tsayuwa. "Baba, ai dattijo ya gaji. A bar shi ya huta mana. Masu jini a jika suna nan."

"Masu jini a jika su jira a tambaye su," in ji Ba Allal, bai ko dube shi ba.

Si Kabbur ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya yanke. Ranar Alhamis, bayan sallar la'asar, Ba Allal zai cika salka a famfo a gaban idonsa, har wuya. Zai tsaya da ita a dandali har a kira magariba. Ba zama, ba jingina, ba saukewa, ba zubarwa. Duk baƙon da ya nema a ba shi. Amma 'yan dandali ba sa ciki. "Na san ku," ya ce, yana kallon sauran. "Sai ku yi layi ku shanye masa ita." In salka ta taɓa ƙasa kafin ladan ya buɗe baki, tambari ya bar gidan Allal.

Ranar Alhamis tun azahar Lalla Hadda take mita, muna ji ta taga. Ta shafa masa man zaitun mai ɗumi, ta naɗe masa ƙugu da ɗamararta ta zuwa biki, tana ja yana nishi.

"Ka ba su abinsu mana, ɗan taurin kai. In ka karye a can, ni ce mai kwasa."

"Ja da kyau, Hadda."

"Da ka ji maganata ka riƙa zuba ko rabi ne, da duk ba a zo nan ba. A'a, kai sai iska. Ga shi duk gari an san mijina da abu guda."

"In na ba da tambarin nan, gobe in tashi in je ina? In zauna ƙofar gida ina kora ƙuda, yara suna cewa ga tsohon da akuyarsa ta yi tusa?"

Ta ƙara jan ɗamarar, ta ƙulle, ta tofa masa addu'a a ƙeya.

A famfo, Si Kabbur da kansa ya riƙe bakin salka har ruwa ya yi ambaliya. Da aka ɗora wa Ba Allal ita, sai da gwiwoyinsa suka gaisa da juna. Ya cije. Maratayin ya nutse masa a kafaɗa, sanyin fatar ya ratsa riga. Ya taka a hankali, ƙafa a buɗe kamar mai tsallake kwata, har ya isa wurinsa. Si Kabbur ya samu kujera a ƙofar gidan shayi ya zauna da carbinsa. Bushaib ya ajiye farantin tabarau, ya tsaya ya harɗe hannu.

Da farko abin ya zo da sauƙi. Ba Allal ya kaɗa ƙararrawa, ya yi kiran da ya daɗe bai yi ba: "Ruwa! Ruwan sanyi saboda Allah!" Muryar ta fito a shaƙe, ta ba shi kunya, ya sake. Wani tsoho ɗan ƙauye da matarsa suka tsaya, suka sha kofi guda tare, suka yi wa iyayensa addu'a. Wata mai goyo ta karɓa ta ba ɗanta. Shi ke nan.

A nan ne Ba Allal ya tuna abin da ya manta. A zamanin ubansa, salka nauyinta na farkon fita ne kawai. Kana tafe ana sha, kana tafe tana raguwa, kafin ka gaji ta zama fallen fata. Masu ƙishi su ne ke sauke wa mai ruwa kaya. Yanzu kuwa ya duba hagu ya duba dama, kowane hannu da gorarsa. Ruwan da ya ɗauko, shi zai tsaya da shi har magariba, bai ragu da komai ba.

Rana ta karkata amma ƙasa na ta huci. Dandali ya fara cika. Masu abinci suka shigo da kurayensu na ƙarfe suna ihun a ba da hanya, babura na kutsawa ta tsakanin mutane, hayaƙin gashi ya tashi. Kowane mai wucewa sai ya goge shi, kowace gugar kuma sai ya ji ta har cikin haƙori. Ƙafarsa ta hagu ta fara mutuwa daga sama. Gumi na bin gezar malafa yana ɗiga a gashin baki.

Nasara suna ta zuwa, ayari bayan ayari. Su tsaya gefensa, su yi murmushi, a ɗauka, su jefa masa abin da suka jefa a jaka. Shi kuma ya cika kofi ya miƙa da hannu biyu. Sai ɗan jagora ya yi musu magana da yarensu, ya dafa ciki, ya kaɗa yatsa. Ba Allal ba ya jin yaren, amma ya san fassarar yatsan nan. Su ja baya suna godiya. Shi kuma ba halin ya zubar, sai ya buɗe bakin salka ya mayar da ruwan ciki.

Mahjub mai lemo ya kasa daurewa. Ya sauko daga kekensa, ya yafa tawul a ka, ya karya murya. "Bawan Allah, ni baƙo ne daga Fas, ƙishi zai kashe ni."

"Mahjub," in ji Si Kabbur daga kujera, ko kai bai ɗaga ba, "koma kan lemonka."

Bushaib ya matso. "Ba Allal, fuskarka ta yi fari fa. Kada ka mutu a kan abin da bai kai ya kawo ba. In kawo maka kujera?"

"Kawo wa uwarka."

"Ni dai taimako na ce."

Ba Allal ya ɗaga ido ya dubi hasumiyar masallacin Kutubiya. Rana na bayanta, ta yi ja, amma ta ƙi sauka, kamar an ɗaure ta da igiya. Ya fara karanta duk abin da ya zo bakinsa. Ya daina jin ƙafar hagu gaba ɗaya, sai ya mayar da nauyi kan ta dama, ita ma ta fara karkarwa.

Sai ya ji wata ƙara ta murna daga cikin taro. Ya waiga. Ita ce. Matar nan mai jiki, da jar fuska da hular kaba, ta gane shi, ta buɗe hannuwa biyu ta nufo shi kamar ta ga ɗan'uwanta da ya dawo daga hajji. Da alama haƙuri ta zo ba shi. Mijin na biye, waya a sama.

In matar nan ta taɓa shi, ko da yatsa ne, shi da salka sai ƙasa.

Ya kaɗa ƙararrawa da duk ƙarfin da ya rage masa. Ya fizgo kofi, ya cika, ya miƙe hannu ya tokare tsakaninsa da ita. "Lalla, baiwar Allah, tsaya nan! Don girman Allah tsaya nan! Sha!"

Ta ci birki, kofi a saitin hancinta. Ɗan jagora ya iso da gudu, ya dafa ciki, ya fara kaɗa yatsa. Ta dubi yatsan. Ta dubi dattijon, da gumin da ke zuba, da hannun da ke rawa har ruwa na fallatsa. Ta dubi salkar, ta sa yatsa ɗaya ta ɗan latsa ta a hankali, ta ji sanyi da tauri. Sai ta ture laimar ɗan jagora, ta karɓi kofin ta kafa kai.

Ɗacin man itacen ya kama ta, ta yamutsa fuska kamar ta tauna barkono. Amma ta shanye. Ta miƙo kofin a ƙara. Ya ƙara. Wannan karon ta cire hula ta juye shi a kanta, ruwa ya bi wuya, ta saki wata ajiyar zuciya da duk wanda ke wurin ya fahimta ba tare da tafinta ba.

"Baba, an zubar!" in ji Bushaib. "Ka gani da idonka, an zubar!"

"A kan mutum," in ji Si Kabbur. "Mutum ba ƙasa ba ne."

Biyu daga cikin ayarin suka yi ƙarfin hali su ma suka kurɓa don a ɗauke su suna sha. Ba Allal ya ji kamar maratayin ya ɗan sassauta. Ya fara tunanin watakila, watakila dai.

Mijin matar ne ya ɓata lissafi. Yana ja da baya don ya samu kowa a hoto, bai ji mai kurar abinci na ihun hattara ba. Mai kura ya kauce masa, gefen kurar ya daki Ba Allal a ƙugu, daidai inda ciwon yake.

Wani farin haske ya gilma masa. Ƙararrawa ta faɗi. Ya tafi ƙasa da gwiwa ɗaya, ƙum, amma kafin ya kai ya rungumo salkar da hannu biyu ya ɗora ta a kan ɗaya cinyar. Ƙafafun akuyar suna lilo, tsakaninsu da ƙasa bai fi faɗin tafin hannu ba.

Mutane suka yi zobe. Matar ta toshe baki. Mahjub ya taho zai kama shi, Ba Allal ya daka masa tsawa: "Kada ka taɓa ni!"

Ya yunƙura zai tashi. Bayan ya ƙi. Ya sake yunƙurawa, sai hawaye suka zubo masa ba da izininsa ba. Salkar ta fara zamewa a kan rigar da ta jiƙe, kaɗan-kaɗan. Ya kasa kunne wajen hasumiya. Shiru.

"Ya faɗi," in ji Bushaib, yana zagaya shi. "Baba, ya faɗi, kowa shaida ne. Me ake jira? A ciro tambarin kawai, a kai bawan Allah gida."

Si Kabbur ya taso, ya tsaya a kansu. Carbin ma ya daina ja.

Ba Allal ya ɗago kai. Numfashi yake da ƙyar. "Bushaib, ɗana. Zo ka karɓa."

"Ka ji ko, Baba? Da bakinsa."

"Zo. Amma ba a farke tambari daga maratayi, tambayi surukinka. Tare suke tafiya. Sunkuyo."

Bushaib ya dubi Si Kabbur. Si Kabbur ya gyaɗa kai. Bushaib ya naɗe hannun riga, ya yi wa matan Nasara murmushi, ya sunkuya. Ba Allal ya zare maratayin daga wuyansa, ya saƙala masa, ya tabbatar ya zauna daram a kafaɗa. Sannan ya janye cinyarsa.

Bushaib ya miƙe da saurin mai ɗaukar farantin tabarau. Salkar ta yi lilo ta bayansa, ruwan ciki ya tafi gefe guda ya dawo, ya ja shi. Ya yi taku biyu da baya yana kama iska, dugadugansa suka zame a inda matar ta jiƙa, ya zauna daɓas a kan salkar. Toshiya ta fice. Ruwa ya yi tsiri ta tsakanin ƙafafunsa, ya wanke masa wando, ya malala har ƙarƙashin kujerun gidan shayi.

Ruwan bai gama tsiyaya ba ladan ya ɗaga murya daga Kutubiya.

Ba wanda ya yi dariya tukuna, kowa na kallon Si Kabbur. Dattijon ya jira aka kai ƙarshen kabbarar farko. Sannan ya sunkuya, ya zare maratayin daga wuyan surukinsa, ya karkaɗe shi, ya goge tambarin da bakin hannun rigarsa.

"Salka ta taɓa ƙasa," ya ce. "Amma ba daga kafaɗar Allal ba." Ya rataya wa Ba Allal ita a wuya, yana durƙushe yadda yake. "Daga gobe ka zuba abin da bayanka zai iya. Amma ka zuba."

Sai a lokacin Ba Allal ya bari Mahjub da matar nan suka kama shi, ɗaya a kowane gefe, suka miƙar da shi. Malafarsa ta karkace, gashin baki ya kwanta, ƙafa ɗaya na jan ƙasa.

Bushaib na zaune cikin taɓo yana matse wando. "Wallahi Baba makirci ne! A duba cikinta! Wannan ba ruwa ba ne, duwatsu ya zuba!"

Ba Allal ya tsaya. Ya gyara malafa, ya murza gashin baki ya tashe shi, sannan ya waiwayo.

"Ruwa ne, ɗana. Haka nauyinsa yake. Kai dai a hoto ka saba ganin sa."